Abin da Kawu Ya Goge

Litinin, 3 ga Maris

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya gwargwadon yadda gidan yari yake barin mutum ya zauna lafiya. Na san ka ce kada in ƙara rubuto maka, wasiƙu huɗu kuma ka mayar min ba ka buɗe ba. Wannan lauyarka na roƙa ta ba ka hannu da hannu, ta tsaya har ka karanta. In ka gama, ka ga dama ka yaga.

Kai ke da gaskiya, Yaya. Ka kai rahoton birki ranar nan. Ni ce na yi kuskure, kuma yau ina da abin nunawa.

Kamfaninmu na bas zai kwashe bayanansa daga tsohon rumbun kwamfuta zuwa sabo, ni aka ba aikin tantancewa kafin a kwashe. Ka tuna takardar da na buga wa kwamitin bincike, wadda na tsaya a kotu na rantse a kanta? Layin bas mai lamba goma sha bakwai, gurbin da ake rubuta matsalar da direba ya kawo da safe, fayau babu komai. Abin da allo ya nuna min ke nan, na kuma yarda da shi.

Ashe babu iri biyu ce a wurin na'urar. Ka ɗauka akwatin wasiƙa ne. Wata rana ka buɗe ka tarar ba a saka komai ba sam. Wata rana ka tarar da ambulan, ka buɗe, ba takarda a ciki. Duka biyun ba ka sami saƙo ba, amma na biyun wani ya zo wurin. Na farkon shi muke kira NULL a wurin aiki, wato ba a taɓa gurbin ba. Na biyun rubutu ne da ba harafi ko ɗaya a cikinsa. Tsohon tsarinmu yana barin NULL in direba bai kawo matsala ba. In kuwa an rubuta abu, daga baya aka dawo aka goge, sai ya ajiye na biyun. A allo da kan takarda kamarsu ɗaya, sai ka shiga can ƙasa ka tambayi rumbun da kansa. Na san wannan tun ina makaranta, Yaya. Ranar ce kawai ban tambaya ba.

Jiya na tambaya. Cikin layi dubu sittin da 'yan kai na shekara shida, guda bakwai ne kacal aka rubuta aka goge. Shida an goge su cikin minti ɗaya, irin kuskuren rubuta wa wata mota abin wata. Na bakwai naka ne. An buɗe layin da ƙarfe shida da minti goma sha biyu na safe, lokacin da ka karɓi makulli. Haɗarin ya faru sha ɗaya da minti biyar. An taɓa layin karo na ƙarshe sha biyu saura minti goma sha uku, da lambar shiga ta shugaban gareji. Lambar Kawu. A lokacin kana kwance bakin titi da karyayyen haƙarƙari, ana jawo gawar telan nan daga ƙarƙashin rumfar tasha, shi yana zaune kan kujerarsa yana shara.

Kwafin ajiya sau ɗaya muke ɗauka a rana, bayan an tashi aiki, shi ya sa bai kama rubutun ba. An rubuta da safe, an goge kafin azahar.

Yau da safe ya leƙo ofishinmu kamar kullum, da farar rigarsa da biro uku a aljihu, ya tambaye ni ko an ji labarinka, ya ce Allah ya fito da kai. Na rusuna na ce amin. Shekara biyu da wata biyu yana faɗin haka ina cewa amin.

Ban faɗa wa Inna ba, tunda a gidansa take zaune, kuma ka san yadda take da ƙanin nan nata. Ban nemi ka yafe min ba tukuna. Ka rubuto min abin da ya faru da safen nan, kalma da kalma. Wannan karon zan saurara.

Ƙanwarka,
Tabarau

Asabar, 8 ga Maris

Tabarau,

Wa alaikissalam. Na karanta, sau uku. Ban yaga ba, don takarda a nan ta fi nama wuya, ga shi a bayan taki nake rubuto miki. Zancen ambulan ɗinki na gane. Sauran kuma na ba wani malamin lissafi da ke ɗakinmu, wanda ya shigo saboda ya fi ƙarfin lissafin makarantarsu, ya ce kin yi daidai.

Yanzu kike son ji? To, saurara.

Da na tayar da motar, agogon iskar birki ya daɗe bai cika ba. Na taka birki na ji shi da taushi kamar katifa. Na sauka na zagaya, na ji iska na tsiyaya a ƙafar baya ta hagu. Na je tagar Kawu na faɗa masa. A gabana ya buga da yatsunsa biyu, har yana karantawa a fili, kin san shi da son a ji muryarsa. Sannan ya cire tabarau ya ce min motoci huɗu na kan ramin gyara, manaja na wuyansa, in yi zagayen safe kawai in kawo ta da rana. Ya ce: «Ai kai ne Sannu-Sannu. In wani ne ba zan ba shi ba.»

Shekara goma sha huɗu direbobi na min wannan suna don ban taɓa goga wa mota fenti ba. Da shi ya kama ni. Na karɓi makulli. Wannan laifina ne, kullum kuma ina kwana da shi, ba sai alƙali ya tuna min ba.

A gangarar gada birkin ya tafi gaba ɗaya. Mutum arba'in a bayana, a gabana 'yan makaranta suna tsallaka titi a jere. Na karya sitiyari zuwa rumfar tasha don na hango ta ba kowa. Ban ga telan ba, yana durƙushe yana ɗaure kan kekensa na ɗinki.

A kotu Kawu ya ɗaga hannu ya ce ban ce masa komai ba, mota lafiyarta lau ta fita, gudu ne ya yi min yawa. Na dube shi, ya dubi fanka. Wannan bai kashe ni ba, don na san tsoro ne. Sai aka kira ki. Kika fito da takardarki a cikin leda, kika gyara tabarau, kika ce na'ura ba ta ƙarya. Ni da na goya ki zuwa makaranta, na sayar da babur ɗina aka saya miki kwamfutar farko. Kin gwammace allo da bakin yayanki. Ranar na daina jin zafin haƙarƙarin.

Ban ce na huce ba. Amma tunda kin tono, ki tono har ƙasa. Ba na son haƙurinsa, ba na son ya zo yana min hawaye ta bayan ragar ƙarfe. A ɗakinmu akwai wurin da ake ba sabon zuwa, dab da bokiti, inda ba a iya miƙe ƙafa. Wata bakwai na yi a wurin. Shi nake so Kawu ya gada, da farar rigarsa. 'Yata ta daina zuwa makaranta sati uku saboda ana ce mata 'yar mai kisa. Matata ta koma wankau a gidajen mutane. Duk wannan a kansa yake, ki rubuta a na'urarki inda ba a gogewa.

Ki gaida Inna. Ta yi wata biyu ba ta zo ba, in ta zo ma ƙasa take kallo. Ki duba ko ƙafar ce ta tashi.

Yayanki

Laraba, 12 ga Maris

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Wasiƙarka ta zo, na karanta a banɗakin ofis don kada a ga fuskata. Duk abin da ka faɗa a kaina haka yake, ba zan kare kaina ba.

Na zauna da lauya awa biyu. Na nuna mata a kwamfutata: na buɗe layin gwaji, na bar shi, ga NULL. Na rubuta, na ajiye, na dawo na goge, ga ɗayan. Ta gane, ta ji daɗi, sannan ta zuba min ruwan sanyi. Ta ce abin da muke da shi ya nuna an goge wani abu, bai nuna me aka goge ba. Kawu zai iya cewa zancen madubi ne ko abin share gilashi, ya goge don an gyara. Kalmarka da tasa kuma an riga an auna su sau ɗaya, mun ga wadda ta yi nauyi. Ta ce ana bukatar kalmar birki ta fito daga bakinsa ko daga hannunsa.

Ga kuma wani abu. Sabon rumbun da za mu koma ba ya bambanta biyun. Duk rubutun da ba harafi a cikinsa, da ya shiga sai ya mayar da shi NULL, kamar ba a taɓa taɓa shi ba. Ranar Juma'a ashirin da takwas ga wata za a kwashe, sannan a kashe tsohon. Da ban duba ba, da ranar sawun Kawu ya shafe har abada, kuma da hannuna. Kada ka damu, na ɗauki cikakken kwafi a gaban lauya da wani masani da ta kawo, an rufe an sa hannu. Kawu bai san da wannan ba, ba kuma zai sani ba sai ranar da na so.

Ka san wata mai kamawa zai yi ritaya? Ana shirya masa walima a harabar gareji. An kawo allon yabo ofishinmu don a duba rubutun, wai shekara talatin ba tare da aibu ba. Ni aka ba in duba ko akwai kuskure. Na ce babu.

Na yi tunanin in tare shi a gaban makanikai in faɗa masa baƙar magana. Na yi tunanin abin da ya fi wannan muni, ba zan rubuta ba. Sai na tuna Kawu ba ya iya ganin takarda bai amsa ba. Mutumin da yake rubuta wa maƙwabcinsa wasiƙa shafi biyu a kan kwata, ya sa kwanan wata ya sa hannu. Yana ji da rubutunsa kamar yadda kake ji da tuƙinka. Da abin da ya kama ka zan kama shi.

Zan rubuta masa yau. Lauya ta ce ba ta ji ba, ba ta gani ba, amma in amsa ta zo in kawo mata ita yadda take. Zan yi masa ladabin da ban taɓa yi wa kowa ba. In ka ji an ce Tabarau ta koma 'yar gaban goshin Kawu, kada ranka ya ɓaci.

Na kai wa matarka shinkafa da sabulu, ta karɓa, karo na farko. Inna ta ce ƙafar da sauƙi.

Ƙanwarka,
Tabarau

Laraba, 12 ga Maris

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina fata Kawu yana lafiya, da iyali baki ɗaya. Allah ya ƙara girma, ya sa a gama aiki lafiya.

Kawu, wata damuwa ce ta hana ni sukuni, ba ni kuma da uban da zan kai wa sai kai. A aikin kwashe bayanai na ci karo da layin bas goma sha bakwai na ranar haɗari. Na'ura ta nuna an rubuta abu a gurbin matsala da safe, an goge shi sha biyu saura, da lambar Kawu. Ba wanda ya gani sai ni.

An ce in rubuta bayani a kan duk layin da ya fita daban kafin ashirin da takwas ga wata. In na sa wannan a ciki, masu bincike za su dawo. In na yi shiru, sabon rumbun zai haɗiye shi, ko ni ba zan ƙara ganinsa a ciki ba.

Kawu ne ya riƙe mu da Baba ya rasu, shi ya sama mana aiki ni da Yaya, Inna kuma tana ƙarƙashin inuwarsa. Ban manta ba. Amma ba zan iya binne abin da ban san mene ne ba. In zan ɗauki wannan kaya har gaban Allah, ina so in san nauyinsa. Me aka rubuta a wurin, kuma me ya sa aka goge?

Don Allah kada Kawu ya kira ni a waya ko ya zo ofis, shugabana yana zaune dab da ni, saƙonnin kamfani kuma duk ana ajiye su. Kada ya zo gida, maigidana ba ya iya riƙe magana. Ya rubuto da hannunsa, ya sa a aljihun tebur ɗina na ƙasa. Abin da ya biyo baya, Kawu ya bar min.

Ina neman albarka.

'Yarka mai biyayya

Lahadi, 16 ga Maris

Zuwa ga 'yata,

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuh. Bayan dubun gaisuwa, na sami takardarki mai kwanan wata goma sha biyu, na kuma fahimci abin da ta ƙunsa. Na gode wa Allah da ya sa abin ya faɗo hannun mai hankali. Tun kina ƙarama na san ke ce mai kan gidan nan.

Tunda kin tambaya da ladabi, zan amsa miki filla-filla.

Na ɗaya. Gaskiya ne yayanki ya zo tagata da safen nan ya ce birki na taushi, iska na zuba a ƙafar baya ta hagu. Haka na rubuta. Ban ɗauke shi babban abu ba, domin irin wannan tsiyaya mota takan yi kwana uku da ita. Motoci huɗu na kan rami, manaja ya riga ya yi min kashedi sau biyu a watan. Na ba shi ita ne saboda na amince da hannunsa. Wanda bai riƙe gareji ba ba zai gane ba.

Na biyu. Da labari ya iso, na ga duhu. Na tuna shekaruna ashirin da takwas na aiki a lokacin, da 'ya'ya tara, da mahaifiyarku, da marayun ƙanina, duk a wuyana. Shaiɗan ya zo min, na goge. Wallahi zatona tara za a ci shi, ko a karɓe lasisinsa na shekara ɗaya, in ci gaba da riƙe gidansa har ya farfaɗo. Ban taɓa kawo ɗaurin shekara biyar a raina ba. Da na ankara, bakin alƙalami ya bushe. In na tsaya na faɗi gaskiya a lokacin, mu biyu za a ɗaure, wa zai riƙe gidajen?

Na uku, kuma wannan nake so ki sa a ranki. Kada ki ɗauka ni kaɗai nake ɗauke da wannan. Kwana arba'in bayan hukunci na kasa barci, na shiga ɗakin mahaifiyarku na faɗa mata komai. Ta yi kuka har ta shiɗe. Da ta dawo hayyacinta ta ce gida ɗaya ya riga ya ƙone, kada a ƙona na biyu, in rufe bakina ita ma za ta rufe nata. To, in uwar da ta haife shi ta ga maslaha a shiru, ke ba ki fi ta sonsa ba.

Yayanki ya ci fiye da rabin wa'adinsa in an cire rangwame. Mai haƙuri yakan dafa dutse. In ya fito, na yi alkawari zan saya masa ƙaramar mota daga abin sallamata, ya zama mai kansa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, 'yata. Ki bar na'ura ta yi aikinta ranar Juma'a, Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira.

Ki ƙona wannan da zarar kin karanta. Ina kuma so ki zauna a layin gaba ranar walima, tare da iyali.

Allah ya yi miki albarka.

Ni ne kawunki,
Shugaban Gareji

Asabar, 29 ga Maris

Yaya,

Sallama. Ka yi haƙuri da shiruna na sati biyu. Kifi ya haɗiyi ƙugiya tun goma sha shida ga wata, amma da abin da ya zo da shi a baki, shi ya hana ni rubutu.

Ya amsa, shafi biyu, da kwanan wata da sa hannu. Ya rubuta birki, ya rubuta ƙafar baya ta hagu, ya rubuta «na goge». Lauya da ta karanta sai da ta miƙe tsaye. Ta ce da wannan da kwafin rumbun za ta ɗaukaka ƙara, kuma rantsuwar ƙarya kaɗai ta isa ta kai shi inda kake so. Jiya aka kwashe bayanan. Da yamma ya leƙo ya dube ni, na gyaɗa masa kai. Ya tafi yana murmushi, har da raba wa masu gadi lemo. Na bar shi ya sha daɗinsa. Lauya ta ce in mun shigar ranar Litinin, sammaci zai iya isa gareji ranar walimar. Na roƙe ta ta yi ƙoƙari ya isa kafin a miƙa allon.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci. Na sa maka kwafin wasiƙarsa a ciki. Kafin ka kai sakin layi na uku, ka zauna.

Inna ta sani, Yaya. Tun kwana arba'in bayan hukunci.

Ban yarda ba, na ce ƙaryarsa ce. Na je na same ta a ɗakinta tana ninke kaya, na karanta mata wurin. Ba ta musa ba. Ta ci gaba da ninke zane ɗaya, ta warware, ta sake ninkewa. Na tambaye ta yaya ta iya. Ta ce min: «Ɗaya na haifa, ɗaya na goya tun uwarmu ta rasu. An riga an ɗauke min ɗaya. Ki faɗa min wanda za ki miƙa in ke ce.» Na ce wanda ya yi laifin. Ta ce ni yarinya ce. Na faɗa mata maganganun da ban taɓa zaton zan faɗa wa uwa ba. Da zan fita ta riƙe min mayafi ta ce in yi duk abin da zan yi wa Kawu, amma kada in bari ka ji nata.

Ba ta gaya masa ba, na tabbata, don da ya sani da bai raba lemo ba. Shekaranjiya ta kwaso kayanta a buhu biyu ta zo gidana, ta ce masa jinya za ta yi min. Tana ɗakin baƙi. Muna gaisawa, shi ke nan.

Na tambayi lauya ko za a iya cire wannan sakin layin. Ta ce takarda ba a kai ta kotu da gunduwa, ko duka ko babu. Za a karanta ta a fili, a gabanka, a gaban dangi, a gaban matar telan. Inna ba za a ɗaure ta ba, amma ba za ta ƙara ɗaga kai a unguwa ba.

Ni in don ta ni ce, da tun jiya na kai. Ina so in ga an cire masa biron nan uku daga aljihu an rubuta su a takardar kayan fursuna. Amma sau ɗaya na yanke hukunci a kanka ban tambaye ka ba, ba zan sake ba. Kai ka yi kwanakin. Lauya za ta zo maka gobe da rana. Abin da ka ce shi za a yi.

Ƙanwarka,
Tabarau

Lahadi, 30 ga Maris

Tabarau,

Wa alaikissalam. Lauya na tsaye, zan gajarta.

A kai. Duka, har da sakin layin. Na ce wa lauya ina so a kawo ni kotu ranar, kuma in doka ta yarda, Kawu ne zai karanta da bakinsa.

Inna ta riga wasiƙarki zuwa. Jiya da safe aka kira ni, na same ta a benci. Ta faɗa min da kanta, ba ta rage komai ba, wannan karon kuma ido cikin ido. Minti ashirin ake ba mu, a na bakwai na ce gandiroba ya mayar da ni. Kada ki tambaye ni, ni ma ban sani ba. Ki dai riƙe ta a gidanki, kada ki ƙara ɗaga mata murya, wannan tsakanina da ita ne.

Ke kuma ki zo ranar Asabar, na sa sunanki.

Inna ta bar min wata leda a ƙofa, ban karɓa ba. Gandiroba ya ce kwana bakwai suke ajiyewa.

Yayanki